Yaro Da Tsohuwar Rediyo: Kira Ga Kafa Ƙungiyoyin Haɗa Na'urori A Makarantun Ƙasar Daura

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta, wanda ya riga ya ajiye alli, damar tsayawa a gaban wannan taro mai albarka. Da takardar gayyata ta iso mana, an bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai. Mun san da yawa sun zaci za mu ɗauko batun rufin azuzuwa ko sakamakon jarrabawa, kuma dukkansu sun cancanci a tattauna su. Amma yau muna so mu yi magana ne a kan wani yaro wanda kowa a wannan zaure ya san shi, domin babu unguwar da ba ta da irinsa. Shi ne yaron da ya sha duka saboda ya kwance rediyon mahaifinsa, yaron da aljihunsa ba ya rabuwa da guntun waya da mataccen batir, wanda aka yi wa laƙabi da maɓarnaci.

Ra'ayinmu, bayan shekaru fiye da talatin a cikin aji da ofishin hedimasta, shi ne wannan yaro dukiya ce da muka daɗe muna zubarwa. Abin da yake nema a wurinmu bai wuce abu uku ba: kayan haɗawa, da teburin da zai zauna, da babba mai nuna masa hanya. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan ƙungiya tana da ikon samar da dukkan ukun.

Yadda Muka Fara

Mu da muka tashi a shekarun 1960 da 1970 mun buɗe ido ne a zamanin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, dattawa kan kewaye akwati ɗaya a ƙofar gida bayan sallar isha'i, mu yara muna raɓe daga nesa. Ta wannan akwati labarin kisan Janar Murtala Muhammad ya iso mu ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Duk da wannan kusanci, kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa ganin abin da ke cikinta. Rediyo kaya ne na maigida, ana ɗinka mata riga, kuma yaro ba ya taɓa ta.

Idonmu bai buɗe ba sai a kwalejin horon malamai, inda wani malaminmu na kimiyya, Allah Ya jiƙansa, ya shigo aji wata rana da kwali a hannu. A ciki akwai zaren wayar jan ƙarfe, da kwalin da aka naɗe kamar gora, da wani ɗan abu mai kama da ƙwayar shinkafa wanda ya ce sunansa dayod, da abin sawa a kunne. Ya sa muka naɗa wayar a jikin kwalin, zagaye kusan saba'in, muna ƙirgawa da baki. Muka ja doguwar eriya daga tagar ɗakin kwana zuwa bishiyar darbejiya, muka kafa ƙarfe a ƙasa muka ɗaura masa waya. Da farko shiru. Sai malam ya ce a kawo bokitin ruwa a zuba a gindin ƙarfen, domin busasshiyar ƙasa irin tamu ba ta karɓar lantarki da kyau. Da dare ya yi, muka riƙa miƙa wa juna abin kunnen, kowa yana jin murya siririya tana magana da Hausa. Babu batir a jikin abin, babu wutar lantarki.

Malam ya bayyana mana cewa tashar da kanta take aiko da ɗan ƙarfin da ke motsa abin kunnen. Eriya ce ke kamo shi daga iska, naɗin waya da abokin aikinsa kafasita su tace tasha ɗaya daga cikin sauran, shi kuma dayod ya bar lantarki ya wuce ta fuska ɗaya kawai, ta haka murya take fita daga cikin igiyar da ta ɗauko ta. Ya ƙara da cewa da dare tashoshi masu nisa sun fi kamuwa, saboda wani sashe na sararin sama yana mayar da igiyar zuwa ƙasa bayan faɗuwar rana. Mun karanta babin lantarki a littafi kafin wannan dare, mun kuma ci jarrabawarsa, amma sai a ranar muka yarda da shi. Gani ya kori ji.

Mene Ne Ƙunshin Haɗi?

Abin da malaminmu ya kawo a kwali shi ne muke kira ƙunshin haɗi. Wato a tara dukkan ƙananan sassan wata na'ura, rediyo ce ko fitila ko ƙararrawa, a haɗa su da taswira da bayanin mataki-mataki, a miƙa wa mai koyo ya harhaɗa da hannunsa. A ƙasashen da suka ci gaba wannan abin sha'awa ne da yara da manya suke yi a lokacin hutu, kamar yadda wasunmu ke kiwon tattabaru. Tarihi kuma ya nuna cewa wasan bai tsaya a wasa ba.

A Amurka, kamfanin Heath ya fara sayar da irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe da sunan Heathkit a 1947, shekarar da aka ƙirƙiro transisto, ya kuma ci gaba har 1992. A cikin waɗannan shekaru mutane masu yawa sun haɗa rediyo da amsa-kuwwa har da talabijin a kan teburin gidajensu. A watan Janairun 1975 wata mujalla mai suna Popular Electronics ta buga hoton ƙaramar kwamfuta, Altair 8800, wadda ake sayarwa a kwance, mai saye ya haɗa da kansa. Wasu samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, suka rubuta mata manhaja, kuma daga nan kamfanin Microsoft ya samo asali. A 1976 Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko a taron wata ƙungiyar masu irin wannan sha'awa a Kalifoniya. A Japan ma, Masaru Ibuka ya fara ne da ɗan shagon gyaran rediyo a Tokyo a 1945, a ginin da yaƙi ya lalata. Shekara ɗaya bayan haka shi da Akio Morita suka kafa kamfanin da daga baya ya zama Sony.

Wani zai ce ai waɗannan ƙasashe ne masu arziki. To mu dawo Afirka. A Malawi, yunwar 2001 zuwa 2002 ta fitar da William Kamkwamba daga makaranta saboda rashin kuɗin biya, yana ɗan shekara 14. Yaro ne da ya saba kwance tsofaffin rediyo. Ya sami littafi a ƙaramin ɗakin karatu na ƙauye, ya tattara sassan keke da tarkacen bola, ya gina injin da iska ke juyawa ya kawo haske a gidansu. A nan kusa da mu, a Kano, a 2007 jaridun duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da sassan tsofaffin motoci da babura. Basira ba ta san iyakar ƙasa ba. Bambancin kawai shi ne, a wani wuri ana ganinta a raine ta, a wani wuri kuwa a bar ta ta bushe.

Inda Muka Yi Sakaci

Ba za mu ce hukuma ba ta taɓa tunanin wannan ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta haifar da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982. A ƙarƙashinsa an tanadi darasin share fagen fasaha ga kowane ɗalibin ƙaramar sakandare, da nufin ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki kafin ya zaɓi hanyarsa. An shigo da injuna da kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Mu da muke bakin aiki a lokacin mun ga abin da ya biyo baya. A wata makaranta da ke maƙwabtaka da tamu, akwatunan sun shekara da shekaru a baranda ba a buɗe su ba, domin babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da aka horar. Gara ta ci katakon, tsatsa ta ci ƙarfen, yara kuma suka ci gaba da zana hoton zarto a littafi suna haddace sunayen sassansa.

Darasin da muka ɗauka shi ne an fara daga sama. An sayo manyan injuna masu bukatar wuta mai ƙarfi, alhali abin da ya buɗe mana ido a kwaleji bai cika kwali ɗaya ba.

Mu ma malamai ba mu kuɓuta daga laifi ba, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Muna hedimasta, an taɓa kawo mana wani yaro ɗan aji biyar da laifin wasa a lokacin darasi. An kama shi da gwangwanin madara, wanda ya sa wa ƙwan tocila da batir biyu da makunni na guntun reza. Muka yi masa faɗa, muka ƙwace gwangwanin muka jefa a durowa. Sai bayan tashi muka ɗauko shi muka danna, ya kama. Daga baya muka ji cewa da shi yake karatu da dare, saboda kananzir ya yi wa gidansu tsada. Mun mayar masa da kayansa, amma ba mu yi masa komai fiye da haka ba, domin ba mu da wurin da za mu tura shi. Bai wuce firamare ba. Yau shekaru masu yawa ke nan, kuma har yanzu wannan gwangwani yana damunmu.

Abin Da Yaro Ke Koyo A Teburin Haɗi

Kada a ɗauka muna kiran a bar karatu a koma wasa da waya. Bari mu kawo misali ɗaya. A ce yaro yana so ya haɗa fitila da batir uku da ɗan farin ƙwan nan na zamani da ke cikin kowace tocila. Batir uku a jere suna ba da bolt 4.5, ƙwan kuwa yana bukatar kusan bolt 3, kuma ba ya son abin da ke ratsa shi ya wuce amfiya 0.02. Idan ya haɗa kai tsaye, ƙwan zai yi zafi ya mutu da wuri. Dole ya sa rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun lantarki. Wane girma zai sa? Sai ya cire 3 daga 4.5, ya sami 1.5, ya raba da 0.02, ya sami om 75. Wannan ita ce dokar Ohm, kuma ga ɗebewa ga rabawa da ɗigo, abubuwan da muke shan wahalar koyarwa a kan allo. A nan kuwa yaron da kansa yake neman amsar, domin in ya kuskure ƙwansa ne zai ƙone.

Bayan lissafi, yana koyon karanta taswira da bin umarni daki-daki. Yana koyon haƙuri, domin na'ura ba ta cika tashi a karon farko ba. Mafi girma duka, yana koyon neman inda kuskure yake: ya auna batir, ya duba liƙi, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ta yanke. Wanda ya saba da wannan tun yana ƙarami ba zai tsaya yana zargin sa'a ba idan famfon unguwa ya lalace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zamanin ma ya zo mana da sauƙi. Gidajen rediyo da yawa sun koma zangon FM, wanda irin rediyonmu ta kwali ba ta kamawa, saboda haka yaron yau zai fi dacewa ya fara da fitila. Daga nan ya wuce zuwa ƙaramar amsa-kuwwa, da cajar waya mai aiki da farantin sola, da ƙararrawar da ke sanar da cikar tankin ruwa. Wanda ya yi nisa zai iya kama allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005 domin ɗalibai, ya koya masa kunna famfon ban-ruwa idan ƙasa ta bushe. Sassan nan ana samun su a kasuwar Sabon Gari da ke Kano, da yawansu kuma suna nan kyauta a cikin matattun rediyo da tocila da ke jibge a ɗakunanmu.

Dalilin Gaggawa

Abu biyu ne suka sa muke ganin bai kamata a jinkirta ba. Na farko, Allah Ya kawo manyan makarantun fasaha har ƙofar gidanmu. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, kuma a watan Disambar wannan shekara marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Waɗannan makarantu na ƙasa ne baki ɗaya, kujerunsu ba za su zauna babu kowa ba. Idan yaran Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango ba su tashi da sha'awar fasaha ba, za su ƙare a bakin ƙofa suna sayar wa ɗalibai katin waya, wasu kuma su shiga su fito da ilimin.

Na biyu, malaman da za su koyar suna ƙarewa. Tsofaffin masu gyaran rediyo na kasuwanninmu, waɗanda ke gasa ƙarfen liƙi a garwashi su gano cutar akwati da kunne kawai, yawancinsu sun tsufa, sana'arsu kuma ta ja baya tun da kaya masu araha suka cika kasuwa, aka koma saye maimakon gyara. Tun zuwan wayar salula a 2001 samari da dama sun shiga gyaran waya, kuma muna yaba musu, sai dai da yawansu canja sashe suka iya, ba su san dalilin lalacewarsa ba. Idan muka haɗa tsohon mai gyara da malamin kimiyya a ɗaki ɗaya, ɗaya ya kawo hannu ɗaya ya kawo littafi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai tana nan.

Gargaɗi

Wajibi ne mu faɗi hatsarin da ke ciki, kada alheri ya zama sharri. Kada a bar yaro ya taɓa wutar gida ko ta janareta. Duk aikin koyo ya tsaya a kan batir da ƙaramin farantin sola. Tsohuwar talabijin tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an cire ta daga soket, saboda haka ba kayan yara ba ce. Batirin waya da na kwamfuta yana kamawa da wuta idan aka huda shi ko aka haɗa bakinsa biyu. Sannan abin liƙi da aka saba amfani da shi haɗin kuza da dalma ne, dalma kuwa guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida ta kashe yara ɗaruruwa. A yi liƙi a wuri mai iska, kada a sa waya a baki, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Shawarwari Ga Ƙungiya

Muna gabatar wa wannan taro da shawarwari biyar.

Na ɗaya, a fara da makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma daga cikin biyar na masarautar, a kafa ƙungiyar haɗa na'urori mai ɗaukar yara ashirin, tana zama sau ɗaya a mako bayan tashi. Aƙalla ɗaya daga cikin biyar ɗin ta kasance makarantar 'yan mata, domin mun koyar da mata da yawa da suka fi maza natsuwar hannu.

Na biyu, kowace ƙungiya a ba ta akwati ɗaya mai ɗauke da mitar awo, da ƙarfen liƙi, da filaya, da sukudireba, da ƙananan sassa. Kwamitin ilimi ya aika mutum biyu kasuwa su jiyo farashi da kansu kafin a yanke kasafi, kuma a rubuta duk abin da ke cikin akwatin a littafi.

Na uku, a nemo tsohon mai gyaran rediyo a kowane gari, da taimakon hakimi, a riƙa ba shi ɗan alawus yana aiki tare da malamin kimiyya. A girmama shi a kira shi malam, domin malam ne.

Na huɗu, a buɗe ƙofa ga yaran da ba sa boko. Almajiri da ɗan makiyayi suna da hannu da ƙwaƙwalwa irin na kowa, kuma fitilar da almajiri ya haɗa za ta haska allonsa.

Na biyar, 'yan ƙungiya mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, musamman injiniyoyinmu, kowa ya ɗauki nauyin akwati ɗaya, ya kuma ba yara yini ɗaya idan ya zo hutun salla. A taron baɗi a ware teburi a wannan zaure, yara su baje abin da suka haɗa, iyayen ƙasa su gani da idonsu.

Kammalawa

Ya shugaban taro, duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Mun san baƙon da ya kashe macijiya, mun san sarauniyar da ya aura. Amma masu ba da labarin sun ce kafin Bayajidda ya iso nan sai da ya tsaya a Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita. Sunan maƙeran bai iso gare mu ba, alhali da hannunsu a cikin ruwan da mutanen gari suka sha. Mun daɗe muna tarbiyyar 'ya'yanmu su zama masu riƙe alƙalami, kuma hakan ya yi kyau. Lokaci ya yi da za mu tanadi wuri ga masu ƙira su ma.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kada a tashi daga wannan taro sai an ɗora wa kwamitin ilimi wannan aiki, an kuma sa masa wa'adi. Mu kanmu, duk da rauni na ido da shekaru suka kawo, mun ɗauki alkawarin zama da ƙungiyar farko kowane mako. Idan akwai kuskure a cikin abin da muka faɗa, daga gare mu ne, muna neman afuwa.

Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya albarkaci ƙasar Daura da zuriyarta, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.